Begen Kanti a Ƙasar Magariya

A ƴan shekarun nan wani salon magana ya yi ƙarfi a kudancin Damagaram, daga Bande zuwa Magariya da Dungas. Ana jin sa a majalisun dattawa bayan la'asar, ana jin sa a gidajen rediyon karkara idan an gayyato tsofaffi su ba da labarin jiya, kuma tun da wayar hannu ta wadata ya sami sabon masauki a Facebook da WhatsApp, inda ake yaɗa tsofaffin hotuna marasa launi: dalar buhunan gyaɗa, babbar mota a ƙofar kanti, akawu da alƙalami a bayan kunne. Jigon maganar ɗaya ne duk inda aka ji ta. Da can, in ji masu ita, gari yana da ciki. Akwai kantuna masu baranda da ƙyamaren ƙarfe, inda ake samun atamfa ta gaske da kwanon sha da fitila da keke, kaya masu ƙarko, a kan farashin da ba ya tashi tsakanin hantsi da azahar. Yau kuwa cikin gari ya mutu, kowa ya kwashe kayansa ya koma bakin kwalta, an bar tsofaffin shaguna ga jemagu da awaki.

Wannan magana ta cancanci a nazarce ta kamar yadda ake nazarin kowane adabin baka, domin tana da zubi, tana da gwarzo, tana da mugu, tana kuma da abin da take tsallakewa. Gwarzon shi ne mai kanti, mutum mai amana da littafin bashi. Mugun kuwa yakan sauya gwargwadon mai ba da labari: wani lokaci kayan Sin, wani lokaci yaran zamani, wani lokaci kwalta ita kanta. Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma babu mai musun cewa bana da wuya a wannan yanki. Sai dai karin maganar bai ce bara ta yi daɗi ba. Wannan ita ce tambayar da begen kanti ba ya son a yi masa.

Ya kamata a fara da kalmar kanta. Kanti baƙuwar kalma ce, daga Ingilishi ta shigo tare da kamfanonin Turawa, kamar yadda tireda ta shigo, kamar yadda butik ta shigo daga Faransanci. Tsohon garin Bahaushe ba a jera shi a kan titin shaguna ba. Cibiyarsa fada ce da masallacin Juma'a da dandalin da ke gabansu. Ciniki kuwa wurare biyu gare shi. Na farko kasuwa, wadda a karkara take ci rana ɗaya a mako, ta watse, gobe ta wani gari ta ci, ƴan koli da mahauta da dillalan bisashe suna bin ta kamar yadda makiyayi yake bin ruwa. Na biyu cikin gida, inda mata suke sayar da hatsi da mai da ƙuli-ƙuli da fura da daddawa ta hannun yara masu talla. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna tun 1969 cewa wannan ɓoyayyen ciniki na cikin gida babban ginshiƙi ne na tattalin arzikin ƙauyen Hausa, ko da yake baƙon da ya ratsa gari ba zai gan shi ba. Wato abin da ake yi wa kuka a matsayin tsohon cikin gari, shi kansa sabon abu ne da ya zo ya zauna a gefen abin da ya tarar.

Yadda ya zo kuwa sananne ne. A ƙarni na 19 fuskar Damagaram arewa take kallo. A zamanin Sarki Tanimu, ayarin raƙuma daga Turabulus da Gadamas suna sauka a unguwar Zango, a bayan ganuwar Birni, suna kawo tufafi da takarda da sukari da makamai, suna komawa da fatu da gashin jimina, da bayi kuma, abin da masu begen wancan zamanin ba su cika ambata ba. Attajirai irin su Malam Yaro a wannan hanya suka yi suna. Stephen Baier, a littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar, ya bi diddigin yadda wannan fatauci ya durƙushe bayan layin dogo ya iso Kano a 1911: kayan da raƙumi yake kwashe watanni yana ɗaukowa ta hamada, sai ga shi jirgin ƙasa yana kawo su daga bakin teku cikin ƴan kwanaki, da araha. Fuskar ƙasar ta juya kudu. A 1926 kuma Faransawa suka ɗauke babban birnin mulki daga Damagaram suka kai Yamai. Duk wanda ya rayu a Zango a shekarun 1920 yana da nasa begen, kuma kantin da jikokinsa suke yi wa kuka yau yana cikin abubuwan da suka gaji gidajen fatake. Manazarcin nan na Birtaniya, Raymond Williams, ya lura a 1973 cewa kowane zamani na marubutan ƙasarsa yakan ajiye kyakkyawar rayuwar karkara a zamanin kakanninsa, idan aka je can kuma sai a tarar su ma baya suke nunawa. Ba sai an je Ingila ba kafin a ga haka.

Abin da ya gina kanti a ƙasar Magariya gyaɗa ce. Daga shekarun 1930 noman ta ya bazu a jigawar kudancin Damagaram da ƙasar Maraɗi, ba don son ta kawai ba, sai don lanho, harajin da Nasara ya ce da tsabar kuɗi za a biya shi. Kamfanonin da suka zo sayen ta, CFAO da SCOA da Kamfanin Neja na Faransa wanda reshe ne na UAC, tare da Kwarori da Larabawa ƴan kasuwa, su ne kuma masu sayar da atamfa da akoko da gishiri da kananzir. A nan sirrin abin yake, kuma shi ne begen kanti yake rufewa. Kanti ƙofa biyu gare shi. Ta ɗaya manomi yake shiga da gyaɗarsa, a aza ta a sikeli, akawu ya faɗi nauyi, a biya shi. Ta ɗayar yake fita, bayan ya cire na lanho, ya mayar da saura a kan turmin atamfa da ɗan sukari. Hannun da ya yanke farashin gyaɗa shi ne ya yanke na atamfa. Tsakanin kamfani da manomi kuma akwai tsani mai matakai: kamfani ya ba babban mai saye jari, shi ya rarraba wa ƴan baranda, su kuma su shiga ƙauyuka, sau da yawa tun da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, su ba da bashin da za a biya da gyaɗa idan kaka ta yi. A garuruwan da ba su kai Damagaram ko Magariya girma ba, irin su Bande, fuskar wannan tsari da manomi ya fi sani ita ce baranda da sikeli da ɗan shagon wakili, abubuwan da suke raye na ƴan watanni, su yi barci sauran shekara. Littafin bashin da ake tunawa da shi a matsayin shaidar amana, shi ne kuma igiyar da ta ɗaure amfanin gona tun yana cikin ƙasa. Har yau idan Bahaushe ya ce wa mutum ɗan baranda, ba yabonsa yake yi ba.

Mafi kyawun abin auna wannan bege shi ne aikin John Collins, wanda ya rubuta kundin digirinsa na 1974 a kan hukuma da cinikin gyaɗa a Magariya daga shekarun 1930 zuwa na 1970, ya kuma wallafa maƙala a 1976 kan fasa-ƙwaurin gyaɗa a iyakar Nijar da Nijeriya. Abin da ya fito daga binciken shi ne manomin wannan yanki bai taɓa zama ya rungumi hannu a gaban tsayayyen farashi ba. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908, suka kafa mata turakun ƙarfe da mutanen wurin suke kira tangaraho, ta raba dangi, amma ta kuma haifar da farashi biyu ga gyaɗa ɗaya. Shekarar da saye ya fi tsoka a Nijar, gyaɗar ƙasar Daura da Kazaure da Gumel takan kwana a wannan gefe. Shekarar da ya fi tsoka a Nijeriya, jakuna da raƙuma su juya. Mutumin da yake ɗora wa jakinsa buhu da tsakar dare don ya kauce wa ƴan duwan, ya riga ya faɗi ra'ayinsa game da sikelin garinsu, kuma ra'ayin nan bai shiga hirar rediyo ba.

Haka ma ma'aikatan kantunan. Klaas van Walraven, a babban littafinsa na 2013 kan tarihin Sawaba, ya nuna cewa jam'iyyar Djibo Bakari ta sami ƙarfinta ne daga ƙananan mutanen gari: leburorin kamfani, direbobi da yaran mota, ƴan kamasho, masu sana'ar hannu, ƙananan ƴan kasuwa. Damagaram na cikin manyan sansanoninta kafin a haramta ta a 1959. Waɗanda suka yi dakon buhuna a barandar kanti, a lokacin da kanti yake kan ganiyarsa, sauƙi suke nema daga gare shi. Abin lura ne cewa hotunan da ake yaɗawa yanzu, galibinsu jami'an mulki ne ko ma'aikatan kamfani suka ɗauka. Buhuna suna tsakiyar hoto, Bature ko akawu yana tsaye a gefe da suna a ƙasa, manomi kuwa ƙafa ne da kafaɗa, ba suna. Mai kallon hoton yau, ba tare da ya sani ba, yana aron idon mai kamfani ya dubi kakansa.

To, wa ya kashe kanti? A nan ne labarin ya fi rauni, domin yana neman mai laifi a cikin gari alhali mutuwar daga nesa ta zo. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962 ta damƙa mata fitar da gyaɗa, ta kafa Copro-Niger don shigo da kayan masarufi, ta kafa UNCC don ƙungiyoyin manoma. Manyan kamfanoni suka fara janyewa daga cinikin karkara, suka koma sayar da motoci da injuna da sari a manyan birane, suka bar fagen ga alhazan da Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihinsu a Maraɗi a 1986. A shekarun 1960 gyaɗa ce take kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar take samu daga waje, har aka kai ga kafa masana'antar man gyaɗa ta SEPANI a Magariya, bayan ta Matamaye da ta Maraɗi. Daga nan abubuwa suka zo a jere. Faransa ta daina sayen gyaɗa a kan farashin gata a ƙarshen shekarun 1960. Fari ya kai maƙura a 1973 da 1974. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa suke yaɗawa, ta cinye gonaki a ɓangarorin iyaka biyu. Manomin da ya ga yunwa ido da ido ya koma ga hatsi da wake. Hukuma kuma ta riga ta sami wata saniyar tatsa a Arlit, inda aka fara haƙar yuraniyom a 1971. Injinan mai suka yi shiru, SONARA ta yi ta jan ƙafa har ta rushe, dalar gyaɗar Kano ma ta ɓace. Kanti bakin gyaɗa ne, da gyaɗar ta tafi sai bakin ya rufe. Kayan Sin da baburan ƴan kabu-kabu sun zo ne bayan an daɗe da yin jana'iza.

Akwai wani abu na aro a cikin wannan bege, musamman a bakin ƴan boko masu rubutu da Faransanci, kuma ya kamata a ware shi. A Turai kukan mutuwar tsakiyar gari tsohon salo ne mai dalilansa. A Ingila rufe shagunan Woolworths sama da 800 a ƙarshen 2008 da farkon 2009 ya zama kamar makoki na ƙasa. A Faransa gwamnati ta ƙaddamar da shiri a 2018 don farfaɗo da cibiyoyin garuruwa 222. Can abin da ya kwashe masu saye shi ne mota a kowane gida, da manyan kantunan bayan gari, da saye ta intanet. Ko ɗaya daga cikin ukun nan bai taɓa Bande ba. Ko a Kano, inda aka buɗe katafaren rukunin kantuna na Ado Bayero a 2014, Shoprite ce ta tattara ta bar wurin a farkon 2024, Kantin Kwari da Sabon Gari da Kurmi kuwa suna nan cike, duk da gobara da ambaliya. Wanda ya ɗauko makokin Turai ya shimfiɗa shi a kan garin Hausa zai yi kuka mai daɗin ji, amma a kan kabarin da ba na gidansu ba.

Duk da haka, rashin adalci ne a ce begen kanti ƙarya ce zalla. Akwai gaskiya a cikinsa, sai dai ba a wurin da yake nunawa take ba. Abin da dattijo yake tunawa idan ya ce kanti, kaka ce. Lokaci ne da kuɗi suke zuwa gari da ƙafarsu, a wata sananne, su tarar da maza a gida. Tela yana da ɗinki, mahauci yana da yanka, makaɗi yana da biki, ana ɗaurin aure, ana kokawa a dandali, mai jaki da mai raƙumi suna da sufuri. Kuɗin kaɗan ne, an kuma tsakure su tun a sikeli, amma a cikin gari suke zagayawa kafin su fita. Yau kakar garuruwan nan sau da yawa lokacin haɗa kaya ce. Da an gama girbi samari sun kama hanyar ci-rani, Kano, Legas, Agadas, Libiya. Daga ƙasar Kance mai maƙwabtaka har mata da yara suna bin hanyar Aljeriya, kuma a watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar, mafi yawansu mata da ƙananan yara. Idan aka ce cikin gari ya mutu, wannan shirun ake nufi, shirun rani a unguwar da ba kowa sai tsofaffi da mata da ƙanana. Kuskuren mai ba da labari shi ne ya rataya wannan babban rashi a wuyan gini mai baranda, har mai sauraro ya ɗauka da za a sake fentin ginin da an warke.

Akwai kuma gaskiya ta biyu, ƙarama amma mai ciwo. Gine-ginen zamanin gyaɗa, rumbunan ajiya da barandu da gidajen wakilai, shaidu ne na tarihi, kuma ba a cika kula da su ba. Littattafan akawu, rasiɗan lanho, tikitin awo, duk abin da zai ba ɗan tarihi damar sanin tiya nawa ta gyaɗa take sayen turmin atamfa a 1955, gara tana cin su a inda suka rage. Bege na gaskiya da ya tura mutane neman waɗannan takardu, da ya sa an zauna da tsofaffin ƴan dako da matan da suka yi ɓarzar gyaɗa da hannu, tun suna da rai. Irin wanda ake yi yanzu ya wadatu da hoto ɗaya da tsaki. Mata, musamman, babu su a labarin gaba ɗaya, alhali su ne suka riƙe sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli kafin masana'anta, suka ci gaba da riƙe ta bayan masana'antar ta rufe.

Bakin kwaltar da ake zargi kuma ya isa a dube shi da idon basira. Bande tana kan babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Magariya ta nufi iyakar Nijeriya, kuma ciniki bin hanya yake yi tun zamanin ayari. Maraɗi sukutum ta bar kwari ta hau tudu bayan ambaliyar 1945, ba a ce ta mutu ba. Abin da yake jere a gefen irin wannan titi yau, mai shayi da mai cajin waya da mai gyaran babur, mai raken fadamun Korama, ƴan ruwa-ruwa da kwalaben fetur, da ƙananan ofisoshin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, shi ne sabon dandali. A nan ake jin labari, a nan ake jiran saƙo. Taga mai aika kuɗi ta gaji aikin sikeli: ita ce ƙofar da kuɗin waje suke shigowa gari, sai dai yanzu ƙarfin ɗa ake aikawa waje a madadin buhu. Da mai begen kanti ya kalli wannan da kyau, da ya ga jinin abin da yake yabo a jikin abin da yake zagi. Dukansu biyu rayuwarsu a hannun wasu take. Faɗuwar naira daga 1986, karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, rufe iyaka da Nijeriya ta yi daga 1984 zuwa 1986 da kuma daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, janye tallafin mai a Mayun 2023, kowanne ya buɗe wasu shaguna ya rufe wasu a ƙasar da naira da sefa suke kwana a aljihu ɗaya.

William Miles, wanda ya zauna a Yekuwa ta ƙasar Magariya da Yardaje ta ƙasar Daura, ya kwatanta ƙauyukan biyu a littafinsa na 1994, ya nuna yadda kasuwa da aure da zumunci suke ƙetare layin da mulki biyu suka ja. An sake ganin haka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya rufe iyakar har zuwa watan Maris na 2024, aka kuma yanke wutar da take zuwa daga Nijeriya. Manyan motoci sun tsaya, firjin mai shago ya yi ɗumi, farashin shinkafa ya tashi. Kasuwannin mako kuwa, na wannan gefe da irin su Maigatari da Mai'aduwa a wancan, ba su daina ci ba. Wake da riɗi da bisashe sun ci gaba da bin hanyoyin daji tsakanin gonaki, waɗanda jakunan zamanin Collins suka bi da gyaɗa, wannan karon a bayan babur.